Tsokaci a Kan Fenti Marar Sheƙi a Jikin Ƙaramin Jirgin Yaƙi

'Yan'uwana ɗalibai, duk wanda ya tashi a Kafanchan ko Kagoro ko Zonkwa ya san motar kara da jirgin gwangwani, waɗanda yara kan ƙera su ja da zare. Wasu daga cikinmu ba mu yaye kanmu daga wannan wasa ba, sai ma muka ƙara gaba, muna haɗa ƙananan jirage masu batir da farfela waɗanda ke tashi da gaske. Abin da zan yi bayani a kai shi ne matakin ƙarshe na aikin, wato fenti, musamman ga wanda yake son jirginsa ya yi kama da na soja.

Matsalar farko ta harshe ce. Hausa tana da kalmomi birjik na abin da ke ɗaukar ido: sheƙi, ƙyalli, ƙyalƙyali, walƙiya, wal-wal. Amma idan aka zo ga kishiyarsu sai a ga mun koma kewaye. "Dusashe" yana nuna abin da ya taɓa haske ya rasa shi, "koɗaɗɗe" kuma na tufar da rana ko wanki suka cinye wa launi ne. Fentin da nake nufi sabo ne fil, launinsa a cike, haske ne kawai ba ya mayarwa. Ni dai na tsaya a kan "marar sheƙi", kuma ina ganin ya wadatar.

To, me ke kawo sheƙi? Santsi ne. Idan haske ya faɗa kan abu mai sumul, sai ya koma ta fuska guda kamar a madubi, ya doki ido. Idan kuwa fuskar abin tana da ƙananan tudu da kwari waɗanda ido ba ya gani, sai hasken ya watsu ko'ina. Mabugan shadda sun daɗe da sanin wannan, domin bugun da suke yi kwantar da zare yake yi har yadi ya ɗau ido. Haka mai ginin tukwane take goge tukunya da dutse mai santsi kafin gashi. Misali mafi kusa da mu shi ne gumakan yumɓu na Nok, a ƙasar Ham, da kan nan da aka tono kusa da Jama'a wanda ya kai hannun Bernard Fagg a Jos. Asalinsu an shafe su da ruwan yumɓu mai laushi, amma zaman ƙasa na ɗaruruwan shekaru ya cinye shafin, ya bar jiki mai tsakuwa-tsakuwa. Shi ya sa ba sa ƙyalli ko a tsakar rana. Aikinmu ke nan: mu yi wa jirgi abin da ƙasa ta yi wa gumakan, amma da ma'auni.

Sojoji suna guje wa ƙyalli ne saboda walƙiyar fiffike a rana tana tona asirin jirgi daga nesa. Sai dai abin ba doka ba ce. Fenti mai kaushi yana ƙara tirjiyar iska, kuma kowane fenti nauyi ne, don haka zuwa 1944 Amurka ta riƙa fitar da jiragen yaƙinta da yawa tsirara, ƙarfe zalla, sai ɗan fenti marar sheƙi a gaban matuƙi don kada rana ta kashe masa ido. Saboda haka a fara duba hoton ainihin jirgin da ake kwaikwaya. Wanda ya zaɓi Super Tucano, da rundunar sojan samanmu ta fara karɓa a 2021, zai yi aiki da launukan sajewa da daji ko sahara. Akwai kuma marasa matuƙi biyu da aka ƙaddamar a Kaduna, Gulma a 2013 da Tsaigumi a 2018, sunayen da ya kamata ɗalibin Hausa ya tsaya ya yi murmushi a kansu.

Galibinmu muna yanka jikin jirgi ne daga farin abin nan mai kama da kumfa da ake tallafe firji ko talabijin da shi cikin kwali. Wannan abu ba ya shiri da fentin feshi na gwangwani ko tina, narkewa yake yi nan take. Fentin ruwa shi ne abokinsa, ga shi kuma da ma ba ya sheƙi kamar fentin mai. A tsinka shi, a shafa siriri, a bari ya bushe, a bi da samfefa mafi laushi, a sake. Shafi biyu ko uku sirara sun fi guda mai kauri, domin jirgin da ya sha fenti ya ƙoshi ba zai so rabuwa da ƙasa ba, musamman idan nauyin ya taru a wutsiya.

Ga wani abu da ke ba mutane mamaki: lambobi da tutar kore-fari-kore a kan wuri mai santsi ake manna su. Idan aka manna a kan kaushi, iska takan maƙale a ƙarƙashi, gefen ya yi fari-fari kamar azurfa. Don haka a fara shafa banish mai sheƙi a gurbinsu, a manna, sannan a rufe jirgin duka da banish na ruwa marar sheƙi. In ba a same shi a kasuwa ba, tsohuwar dabara ita ce a zuba 'yar hodar dutse irin ta shafawa cikin banish a dama sosai. A gwada a kan guntun da aka yar tukuna, don in ta yi yawa jirgin zai fito furu-furu kamar ƙafar yaro a hunturu. A kuma duba gwangwanin hodar, da yawa yanzu garin masara ne.

Yanayi ma yana da ta cewa. Daminar Kudancin Kaduna mai nauyi ce, kuma danshin watan Agusta yakan sa banish ya bushe da hazo-hazo. A lokacin hunturu kuwa ƙura ce ke sauka kan ɗanyen fenti, sai a kifa babban kwali a kan jirgin har ya bushe. Daga nan sai tsufa: ɗan garin gawayi a bakin salansa, a ja shi baya da auduga yadda iska za ta ja hayaƙi. A nan nake saɓa wa abokaina da yawa, waɗanda kan mayar da jirgi kamar an tsamo shi daga murhu. Jirgin soja ana wanke shi, ana duba shi kullum.

Fentin sajewa kuwa yana aikinsa har a kan mai shi. Jirgi mai launin ganye idan ya gifta ta gaban Dutsen Kagoro da damina, sai ya ɓace wa mai riƙe da rimot, kuma daƙiƙa biyu sun isa a yi asarar aikin wata uku. Ina shafa ratsin ruwan ɗorawa a ƙarƙashin fiffike ɗaya don in san sama da ƙasa. Sannan tun 2016 hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama ta ƙasa ta ce sai da izini ake tashin jirgi marar matuƙi. A yankin da ya sha fama da tashin hankali, abu mai kama da jirgin yaƙi a saman gona yana iya tayar da ƙauye guda, don haka kafin a ɗaura batir a je a gaida mai unguwa, a nuna masa jirgin a hannu.