Tashen Turawa a Lokacin Kirsimeti

A ƙauyukan Ingila a da, in Kirsimeti ta zo, samari kan ɓad da kama su bi gida-gida da kiɗa da waƙa, kamar tashenmu na watan azumi. Jarumi Saint George ya gwabza da abokin gaba, ɗayansu ya faɗi matacce, sai likitan ƙarya ya zo da kwalbarsa ya tashe shi. Daga nan a ba su kuɗi ko abinci, wanda kuwa ba ƙaramin abu ba ne ga leburan gona a tsakiyar hunturu.

Amma rufe fuska yana da haɗari. A tsibirin Newfoundland, wanda yanzu ke cikin Kanada, wasu masu irin wannan shiga suka kashe Isaac Mercer a 1860. A 1861 aka kafa dokar hana fita haka sai da izinin hukuma.