Fulogi Uku da Manifol Ya Danne

Mai Toyota Sienna, Highlander ko Lexus RX mai silinda shida, in ya ɗaga bonet, fulogi uku kaɗai hannunsa zai kai gare su. Injin 2GR-FE mai lita 3.5 da ake samu a waɗannan motoci, wanda ya fara fitowa a Avalon ta 2005, a gicciye aka ɗora shi, sai sauran ukun suka koma baya, saman manifol ɗin iska ya kwanta a kansu. Wannan manifol shi ne ke karɓar iska daga totur ya raba wa kowace silinda rabonta, kuma dole a ɗage shi kafin a taɓa abin da ke ƙasa.

Nan ne ake cutar masu mota. Wani bakaniken sai ya sauya ukun gaba ya rufe bonet, mota ta ci gaba da tsarkewa da shan mai. Wanda ya biya kuɗin fulogi shida, haƙƙinsa ne a damƙa masa tsofaffi shida a hannu.

Aikin ba na ƙarfi ba ne. A bar inji ya huce, a cire kan batir, a ɗauki hoton kowane tiyo da soket da waya, don a wajen mayarwa ne kai ke ɗaurewa. Akwai ƙarafan tallafi a baya, kusa da bangon da ya raba inji da cikin mota, waɗanda ido ba ya gani sai dai yatsa ya lalubo notinsu. Yaron gareji mai gaggawa yakan ga manifol ya ƙi tasowa ya sa masa sukundireba ya banƙare, alhali na roba ne. Da ya tsage, sai kasuwar Ƙofar Ruwa ko Panteka neman na Kwatano.

Da zarar manifol ya tashi, ramuka shida za su bayyana baki buɗe, kowanne na gangarawa kai tsaye zuwa bawul. Wannan ne wurin da na fi jin tsoro. Washa guda in ta zame ciki ba a lura ba, aka tayar da inji, za ta iya lalata fistin da kan silinda. A toshe su da tsumma mai tsabta nan take, balle a garejinmu na fili lokacin hunturu, inda ƙura ke sauka a kan komai. A kuma ƙirga tsumman kafin a rufe.

Sai gasket. Tsohon ya sha zafi ya taurare, shafa masa gam ba ya dawo da shi. Iskar da ta saci hanya ta nan ba ta bi ta na'urar awo ba, don haka kwamfutar mota za ta ba da mai kaɗan, silo ya riƙa rawa, wutar gargaɗi ta kama da lambar P0171. A sa sabo, a ɗaure noti daga tsakiya zuwa gefe, kaɗan-kaɗan, daidai ƙarfin da littafin motar ya ƙayyade.