Ko ba ka ɗaga wayar ba, ƙararta ta riga ta ɗauke maka hankali

Ka taso daga Haɗejia da sassafe, ka kama hanyar Malam Madori za ka Kano, bayan mota cike da buhunan shinkafa. Wayarka na kan kujerar gefe. Can sai ta yi ƙara. Ba ka taɓa ta ba, ko kallonta ma ba ka yi ba, hannuwanka biyu suna kan sitiyari. A ganinka babu abin da ya faru. Amma a cikin kanka tambayoyi sun taso: alat ne ya shigo? Dillalin nan ne ya canza farashi? Ko daga gida ne?

A 2015 masu bincike a Jami'ar Jihar Florida da ke Amurka sun gwada daidai wannan. Sun zaunar da ɗalibai a gaban kwamfuta suna wani aiki mai buƙatar natsuwa, sannan suka riƙa kiran wayoyin wasu ko tura musu saƙo ba tare da sun san daga ina yake ba. Waɗanda wayarsu ta yi ƙara ko ta yi rawa sun fi sauran yin kuskure, duk da cewa ba su duba ta ba. Dalili shi ne ƙwaƙwalwa ba ta iya ba abu biyu masu nauyi cikakken hankali a lokaci guda. Tsalle take yi daga wannan zuwa wancan, kuma kowane tsalle yana cin lokaci. Idonka na kan titi, amma wani ɓangare na tunaninka ya bi saƙon da ba ka karanta ba.

To idan ka kasa haƙuri ka duba fa? Bari mu yi lissafi. Motar da ke gudun kilomita 80 a awa tana cin kusan mita 22 a kowace daƙiƙa. Karanta gajeren saƙo na daƙiƙa biyar yana nufin ka yi tafiyar mita 110, fiye da tsawon filin ƙwallo, kamar an rufe maka ido. Yanzu tuna abin da ke kan hanyoyinmu: garken shanu da ke tsallakawa zuwa fadama, amalanke mara fitila, ɗan acaba da zai fito daga gona ba tare da ya waiga ba, shanyar hatsi a gefen kwalta lokacin kaka. Da damina kuma, wanda ya ga ambaliyar 2022 a yankin Auyo da Kirikasamma ya san cewa hanyar da ka bi lafiya jiya za ka iya tarar da ruwa ya zaizaye gefenta yau. Ga hazon hunturu da ke rage nisan da ido ke gani. A irin wannan hanya mita 110 ba ƙaramin abu ba ne.

Wani bincike na cibiyar nazarin sufuri ta Virginia Tech a 2009 ya sa kyamarori a cikin manyan motoci ana ɗaukar direbobi a bakin aikinsu. An gano cewa rubuta saƙo yana ninka yiwuwar haɗari, ko tsallake rijiya da baya, har sau 23. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ta ce mai amfani da waya yana tuƙi ya fi wanda ba ya yi yiwuwar yin haɗari kusan sau huɗu, kuma sa abin ji a kunne bai rage wannan sosai ba. Wannan na ƙarshen ne direbobi ba sa son ji, don da yawa suna ganin muddin hannu na kan sitiyari shi ke nan.

Akwai kuma abin da ke biyo baya. David Strayer da abokan aikinsa a Jami'ar Utah sun nuna a 2015 cewa bayan direba ya gama ba waya umarni da murya, hankalinsa na iya ɗaukar har daƙiƙa 27 kafin ya dawo daidai. A gudun kilomita 80, wannan mita 600 ke nan.

Na san abin da za ka ce: mai neman abinci ba ya kashe waya. Gaskiya ne, kuma ni ban ga amfanin shawarar da babu wanda zai bi ba. Abin da ya fi shi ne ka tace abin da zai shigo tun kafin ka tayar da mota, domin bayan ƙarar ta tashi ka makara.

Idan wayarka Android ce, kamar yawancin manyan wayoyin Tecno, Infinix, itel ko Samsung, tana da saitin da ake kira Do Not Disturb, wato kar a dame ni. Kunna shi, sannan ka zaɓi mutum biyu ko uku da kiransu zai wuce, misali uwargida da mai kayan da ka ɗauko. Akwai zaɓin da ke barin kira ya shigo idan mutum ya sake bugowa cikin minti 15, saboda mai lalurar gaske ba ya tsayawa a kira ɗaya. Masu iPhone suna da tsarin tuƙi tun 2017, wanda ke iya kunna kansa idan ya ji mota na tafiya. Guruf-guruf na WhatsApp, waɗanda su ne suka fi cika kunne, ana iya yi musu shiru na awa takwas, ya ishe ka zuwa Kano da dawowa. Ka gaya wa mutanen gida in abin gaggawa ne su kira ta layi. Alat kuwa ba ya gudu, kuɗin da ya shiga asusu yana nan har ka isa.

Sannan ka kawar da wayar daga ido, don hasken allo kaɗai ma yana jan kallo, musamman da dare. Jefa ta aljihun mota, ko ka miƙa wa yaron mota ya riƙa amsawa. Dama riƙe waya ana tuƙi laifi ne da jami'an hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa ke cin tara a kai. In kuma kiran ya zama dole, nemi wuri mai faɗi nesa da kwana da gada ka tsaya. Bayan ka gama, ba kanka rabin minti kafin ka sake hawa titi.