Wahalar da ke ɓoye cikin zaman ɗan tseren mota

Idan aka taru a ɗaya daga cikin gidajen kallon ƙwallo na garin Lafiya, ko a hanyar Shendam ko a hanyar Doma, aka yi dace mai gidan ya juya tasha zuwa tseren motoci kafin lokacin wasa ya yi, da wuya a rasa wanda zai ce, “Wannan kuma wane irin wasa ne, mutum na zaune inji na yi masa aiki?” A zahiri maganar tana da kamar hujja, gama ɗan ƙwallo ana ganin gudunsa da guminsa, shi kuwa ɗan tsere ba a ganin kome nasa sai hular kwano, amma wanda ya bi asalin mutanen nan zuwa makarantar da suka fara karatu, watau tseren ƙananan motocin nan da ake kira kat, zai tarar da cewa zaman nan da ake rainawa yana cikin mafi azabar zama da ɗan Adam ya ƙago wa kansa.

Wani Ba'amurke mai suna Art Ingels ya fara ƙera kat a Kalifoniya cikin 1956, ya ɗaura injin yankan ciyawa bisa ƙarafa da ƙananan tayoyi huɗu, kuma daga wannan abin wasa ne galibin zakarun duniya suka fito. Michael Schumacher na Jamus ya fara hawanta yana ɗan shekara 4, Lewis Hamilton na Ingila yana ɗan shekara 8, kowannensu kuma daga baya ya ci kambin duniya sau 7 a tseren Formula 1. Ayrton Senna na Barazil ya shiga gasarta yana ɗan shekara 13.

Dalilin wahalar yana cikin ƙirar motar kanta. Ba ta da sifirin ko ɗaya, kujerarta kuwa busasshen kwano ce da ke kusan shafar kwalta, saboda haka duk wani tudu ko tsaga da taya ta taka, kai tsaye yake wucewa ta gadon baya har ya isa wuya. Sitiyarinta ba shi da na'urar sassautawa irin ta motocin zamani, damtsen direba ne kaɗai ke murɗa shi. Mafi tsanani shi ne kwana, domin tayoyin suna damƙe kwalta ƙwarai, ta yadda idan direba ya sha kwana da gudu jikinsa yakan fizgu gefe da ƙarfin da ya kai ninki biyu na nauyinsa, wani lokaci ma fiye. Ƙaddara kan mutum da hularsa kilo 6 ne. A cikin irin wannan kwana sai wuya ya riƙe kilo 12 mai jansa gefe, ba ƙasa yadda ya saba ɗauka tun haihuwa ba. In filin yana da kwana 12, aka zagaya shi sau 20, to wuyan nan ya yi wannan kokawa sau 240 a cikin abin da bai kai rabin sa'a ba, alhali haƙarƙari yana ta dukan gefen kujera har wani sa'i ya tsage, abin da ya sa 'yan tsere ke ɗaura wani sulke a ƙirji ƙarƙashin riga. Ɗan acaɓan da ya yini yana ɗauko doya daga ƙauye a kan hanya mai gargada, ya dawo da magariba yatsunsa sun sandare bai iya ko ɓalle maɓalli, shi ya fi kowa a Lafiya fahimtar abin da ke samun hannun ɗan tsere a zagayen ƙarshe.

Saboda haka masu horarwa suke fara tarbiyyar jiki daga zuciya da huhu, ba daga ƙwanji ba, domin bugun zuciyar ɗan tsere yakan haura 160 a minti ɗaya ya tsaya can har a gama, kuma wanda numfashinsa ya gaza, hankalinsa ne ke fara gazawa: sai ya makara wajen taka birki, ya yi kuskuren da ba zai yi ba da safe. Maganin wannan sananne ne, gudu na sassarfa mai tsawo, da hawan keke, da iyo, da tsallen igiya, ana haɗawa da gajeren gudu mai tsanani wanda ake yi a huta a sake. Bayan haka sai wuya, wanda ake ƙarfafawa da sannu, ko dai a ɗaura roba mai talewa a kai a riƙa jurewa janta ta ko wace fuska, ko a kwanta a gefe a ɗaga kai a riƙe. Tsokar ciki da ta ƙugu su ne ke hana jiki karkacewa cikin kujera, hannu kuwa ana horar da shi da matsa ƙwallon roba da rataya a jikin ƙarfe. Yaron da bai gama girma ba, ba a ɗora masa nauyi a wuya sai da idon masani, wannan kuwa sharaɗi ne da bai kamata a yi sakaci da shi ba.

Abin da ake nema juriya ce, ba ƙiba ko tarin tsoka ba, gama a ƙa'idar gasa akan ɗora direba da motarsa bisa sikeli bayan tsere, akwai kuma nauyin da ba a yarda su gaza shi ba. Mara nauyi sai ya cike gibin da darma, ya ɗaura ta a jikin kujera inda ya ga za ta amfane shi, mai nauyi kuwa ba shi da yadda zai yi da abin da ke jikinsa.

Senna, wanda ya riga yawancin tsaransa ɗaukar mai horar da jiki, ya nuna iyakar wahalar nan a tseren Formula 1 na São Paulo cikin 1991, lokacin da giyar motarsa ta lalace ya ƙarasa tseren da giya ta shida kaɗai. Ya ci nasara, amma kafaɗunsa suka ɗaure har sai da aka ciro shi daga mota, da ƙyar ya iya ɗaga kofin. A Ƙatar kuma, cikin Oktoba 2023, zafi ya sa ɗan tsere Esteban Ocon ya yi amai cikin hularsa, wani ɗan tseren, Logan Sargeant, ya janye don jikinsa ya kasa.

A ganina, a nan ne yaron Lafiya mai sha'awar wannan fanni yake da wata falala da ɗan Turai ke biyan kuɗi ya nema, domin zafin watan Maris a wannan kwari na Binuwai yakan haura digiri 35, jiki kuwa yana sabawa da aiki cikin zafi a cikin mako biyu in an bi shi da tsari. Sai dai sabo bai ɗauke hukuncin ƙishirwa ba: wanda ya zubar da gumin da ya kai kashi 2 cikin 100 na nauyinsa, ƙarfinsa da natsuwarsa sun fara raguwa ke nan, balle a cikin riga mai kauri da safar hannu da hula rufaffiya. Shan ruwa tun kafin a fara ya fi jiran ƙishi, launin fitsari kuma ma'auni ne da ba ya bukatar asibiti, in ya yi duhu akwai saura. A watan azumi kuwa, hankali ya hukunta a mai da atisaye mai tsanani zuwa bayan buɗa baki, a bar mai sauƙi ga la'asar.