Mata-maza, ɗan daudu, da jita-jitar da ke hana zuwa asibiti

A Naraguta, daga ɗakunan kwanan ɗaliban Jami'ar Jos har teburin mai shayi a hanyar Bauchi, da an taɓo zancen mutumin da ba a tantance ko namiji ne ko mace ba, sai a zuba mutane iri uku a kwando ɗaya. Akwai mata-maza, wanda aka haifa da halittar da ba ta fito sarai ba. Akwai ɗan daudu, namiji ne a jiki, amma magana da tafiya da sana'a irin ta mata. Akwai kuma wanda jikinsa bai da wata alama, shi dai yana jin ba ya cikin jinsin da aka raɗa masa suna da shi, wani ma ya ce ba ya jin kansa namiji ko mace. Daga wannan cakuɗawar mafi yawan ƙaryar ke fitowa, marasa lafiya kuma su ke kwana a ciki.

Ana cewa mata-maza baƙon abu ne da Turawa suka kawo, ko aikin aljanu, ko alhakin wani zunubi na iyaye. Ƙarya ce. Malaman fiƙihu sun san shi tun da daɗewa da sunan khunsa. Mukhtasar na Shehu Khalil, wanda ake karantawa a zaurukan malamanmu, da hukuncin gadonsa ya rufe: idan an kasa tantance shi, a ba shi rabin kason namiji da rabin kason mace. Shari'ar da ta yanka wa mutum gado ta san da zamansa. Haka daudu ma ba jiya ya zo ba; tuwo-tuwo da suyar kaza a tasha sun daɗe a hannun 'yan daudu, kuma Rudolf Gaudio ya rubuta littafi a kan na Kano a 2009.

Cewa mata-maza na da cikakkun gaɓoɓin jinsi biyu har zai iya yi wa kansa ciki, wannan tatsuniya ce.

Ga wadda take gaskiya, kuma ita na fi so iyaye su riƙe. Babban abin da ke sa a haifi 'ya mace da al'aura mai kama da ta namiji shi ne matsalar wata 'yar halitta da ke zaune a saman ƙoda. Tana samun kusan jariri 1 cikin 15,000, ana gadonta ne idan uwa da uba duk suna ɗauke da ita, shi ya sa auren zumunci ke ƙara yiwuwarta. Yawancin irin waɗannan jarirai jikinsu ba ya riƙe gishiri. An yi suna rana ta bakwai, an yanka rago, sai a mako na biyu ko na uku jariri ya ƙi nono, ya yi ta amai, ya rame, maɗigarsa ta lotsa. Uwa kuma tana ɓoye shi cikin zane don kada ungozoma ko kishiya ta kai labari waje. Wannan yaron na iya rasuwa cikin kwanaki, alhali akwai magani sananne, Hydrocortisone da Fludrocortisone, wanda idan ana sha kullum za a rayu a girma. Daga Naraguta zuwa asibitin koyarwa na JUTH a Lamingo ko asibitin Jankwano ba wata tafiya ba ce. Tiyatar gyaran kamanni kuwa, in ba fitsari ne ya toshe ba, ba ta gaggawa ba ce. Likitoci da dama yanzu na ba da shawarar a yi gwaji sosai, a kuma saurari mai jikin idan ya yi wayo, domin abin da aka yanke ba ya dawowa.

Sai batun doka. Gaskiya ne a Janairun 2014 Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar da ta tanadi ɗaurin shekara 14 kan auren jinsi ɗaya, shekara 10 kan kafa ƙungiyoyinsu. Amma ba ta haramta wa likita duba kowa ba, ba ta kuma umarce shi ya kai rahoton mara lafiya ba. Bobrisky mai shigar mata da aka ɗaure wata 6 a Afrilun 2024, kan liƙi da naira ne, ba kan shigar mata ba. Ƙudurin hana shigar mata da ɗan majalisar Toro, maƙwabtanmu a Bauchi, ya gabatar a 2022 bai zama doka ba. Jihohin da ke aiki da shari'a irin Kano suna da nasu tanadin, Filato ba ta cikinsu.

Ana kuma kiran mai jin jinsinsa ya saɓa wa jikinsa mahaukaci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta cire wannan daga jerin cututtukan taɓin hankali a 2019. Kowa na da abin da addininsa ya faɗa masa a kan lamarin, ban zo canja wa kowa aƙida ba. Abin da ke damuna shi ne matashin da tsoron dariyar ma'aikatan jinya ya tura shi kemis, yana haɗiyar ƙwayar tazarar haihuwa barkatai don jikinsa ya sauya. Waɗannan ƙwayoyi na iya daskarar da jini a ƙafa ko a huhu, musamman ga mai shan taba. Idan ƙafarsa ta kumbura ko numfashi ya sarƙe, asibiti kawai zai cece shi. Dokar Lafiya ta Ƙasa, ita ma ta 2014, ta hana a ƙi karɓar mai buƙatar taimakon gaggawa kan kowane dalili, ta kuma wajabta wa ma'aikatan lafiya riƙe sirrinsa.