Kayan Makarantar Yara: Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya

Yau ba maganar farashin bijimi ko harajin hanya za mu yi ba, maganar gida ce, amma tana taɓa jari kai tsaye. Ita ce maganar tufafin da yara za su koma makaranta da su, da yadda mutum zai tanadi kuɗinsu tun da wuri ba tare da ya taɓa uwar kuɗi ba.

Kowa ya san sutura tana cikin haƙƙin da 'ya'ya suke da shi a kan mahaifinsu, daidai da ci da sha. To amma mu 'yan fataucin dabbobi kuɗinmu ba albashi ba ne da zai zo ƙarshen wata. Yau aljihu cike, gobe duk dukiyar tana tafe da ƙafafu huɗu, ko kuma tana hannun wani mahauci a Ikko ko Fatakwal wanda ya ce a dakata masa sati biyu. Ita kuwa makaranta ba ta san da wannan ba, ranar da ta sa ita ce ranar.

A Nijeriya galibin jihohi cikin watan Satumba suke buɗewa. A Nijar kuwa 'yan lakwal farkon Oktoba suka saba komawa, ko da yake a 2024 ambaliyar ruwa ta sa an ɗaga har zuwa 28 ga watan. Ka duba wannan lokaci da kyau. Damina ce ta ƙare ko tana shirin ƙarewa, rumbu ya yi ƙasa, sabon hatsi bai gama shiga gida ba, ga zazzaɓin cizon sauro ya cika gidaje ana ta sayen magani. A daidai nan ne uwar yara za ta ce maka wandon Auta ya ɗage, takalmin yayarsa ya tsinke.

Akwai kuma wani abu da mutane da yawa ba su lura da shi ba. Sallar Layya, wadda ita ce kakarmu, kowace shekara tana ja da baya da kwana goma ko sha ɗaya. A 2015 da 2016 da 2017 cikin Satumba aka yi ta, saboda haka ribar raguna tana shigowa, kai tsaye ake wucewa wurin tela. A 2024 da 2025 cikin Yuni ta faɗo, ta 2026 kuwa ƙarshen Mayu. Ka ga ke nan tsakanin ribar da buɗe makaranta akwai wata uku zuwa huɗu, kuma kuɗin da ba a yi masa turke ba, ba ya zama wata huɗu a hannun falke. Wanda har yau yake tafiya da lissafin shekarun da suka wuce, shi ne za ka gani cikin Satumba yana neman rance a tike.

To mene ne illar haka? Illar ita ce sayarwar dole. Duk dillali ya san mai saye yana jin ƙanshin matsuwa kamar yadda kura take jin na mushe. Sāniyar da za ka riƙe sati uku ta yi kuɗi, sai ka sallama ta yau da ragi saboda gobe Litinin yara za su tafi. Wannan ragin da ka yi, sau da yawa ya fi kuɗin kayan yaran gaba ɗaya. Wani kuma ya ɗebi kuɗin mutane da ke hannunsa na amana da niyyar mayarwa, daga nan sai sunan da aka yi shekara ashirin ana ginawa ya zube a kan yadi goma na kaki.

Hanya ta farko ita ce rubutu. Ka sami takarda, da boko ko da ajami, ka jera sunan kowane yaro da ke ƙarƙashinka, har da marayu da 'ya'yan riƙo, kada a bar kowa a baya. Gaban kowane suna ka sa abin da yake bukata: riga da wando kala biyu don a wanke ɗaya a sa ɗaya, hijabi ga 'yan mata, takalmi, safa, jakar littafi, kayan Islamiyya idan tana da nata launi daban, sai rigar sanyi saboda hunturu yana nan tafe cikin Disamba da Janairu. Sannan ka sa iyayensu mata su fito da na bara a duba. Wanda yake da sauran ƙarfi a ba ƙane, wanda gyara kawai yake so a kai wa tela. Mai mata fiye da ɗaya ya yi wannan lissafi a fili, yadi iri ɗaya, tela ɗaya, rana ɗaya, domin rigimar da takalmi ƙafa ɗaya yake tayarwa tsakanin ɗakuna ta fi ƙarfin sarkin tike.

Hanya ta biyu ita ce ka ɗora kuɗin bisa kan dabbobi, kamar yadda muke ɗora la'ada da kuɗin mota. Ga misali, ba farashin kasuwa ba ne, don a gane ne kawai. A ce kana da yara shida, kuma da ka yi jimla sai ka ga kowane zai ci jikka 15 ta sefa, wato duka jikka 90. Idan kana sayar da shanu goma a wata, ka riƙa cire jikka ɗaya daga ribar kowane kai. Daga Nuwamba zuwa Yuli wata tara ne, ka ga kuɗin sun cika ba ka ji a jikinka ba. Mai ƙananan dabbobi ya yi nasa daidai ƙarfinsa. Abin lura shi ne daga riba ake cirewa, kuma ranar da aka cire ranar ake raba shi da aljihun kasuwa: a sa a asusu, ko a zuba adashi da za a kwasa cikin Yuli, ko a ba uwargida ajiya.

Wasu kuma sun fi son su mayar da shi dabba, kuma wannan dabara ce mai kyau ga wanda yake da wurin ɗauri da harawa. Cikin bazara dabbobi sun rame, farashi ya faɗi, sai ka sayi ɗan tinkiya ko bunsuru ka ce wannan na makaranta ne. Damina ta sauka ya ci ɗanyar ciyawa ya murje, ka kai shi kasuwa ƙarshen Agusta. Sai dai a yi masa allurar rigakafi, kuma kada a dogara gare shi shi kaɗai, don mai rai ne.

Sai maganar canji, wadda ita ce ta bambanta mu da sauran magidanta, tunda mu kuɗi biyu muke riƙewa. Manyanmu ba su manta da Janairun 1994 ba, lokacin da aka karya darajar sefa da rabi cikin dare ɗaya. Naira kuma mun ga abin da ya same ta: kafin Yunin 2023 dalar Amurka ɗaya wajen naira 460 take a hukumance, amma zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,400. Wanda ya ajiye naira a wancan tsakani don sayen yadi, ya tarar kuɗinsa ba sa sayen abin da ya yi niyya. Ƙa'idar mai sauƙi ce. Abin da za ka biya da sefa, kamar ɗinki a Maraɗi ko Damagaram, ajiye shi da sefa. Abin da za ka saya da naira kuwa, kada ka ajiye takarda, mayar da ita yadi tun da wuri, tunda yadi ba ya ruɓewa, ba ya cin dusa. A kuma yi hattara da kalmar jikka idan ana aike: a Nijar sefa 1,000 ce, a Nijeriya jaka naira 200 ce. Ka faɗi adadi da sunan kuɗin ɓaro-ɓaro.

Kada kuma wani ya ce ai zan ratsa Kano cikin Satumba in saya a Kantin Kwari. Iyaka ba ta da alkawari. An rufe ta daga Agustan 2019 har Disambar 2020. An sake rufe ta bayan juyin mulkin Yulin 2023, ba a buɗe ba sai Maris ɗin 2024, wato buɗe makarantun shekarar 2023 iyaka tana garƙame aka yi shi. Cikin Mayun 2025 kuma hukumomin Nijar suka hana fitar da dabbobi gab da Layya. Duk wanda ya jingina suturar 'ya'yansa da tafiya ɗaya tak, to ya jingina da ruɓaɓɓen katanga. Idan ka sauke shanu a Maigatari ranar Alhamis ko a Illela ranar Lahadi, kuma riba ta samu, wannan dawowar ita ce ta sayen yadi.

Wajen sayen ma akwai abin kiyayewa. Ka fara tambayar makaranta launin da take so, ka yanki ƙyalle ka tafi da shi, saboda shuɗi kala-kala ne, kuma wasu makarantun kuɗi su da kansu suke sayar da nasu. Ka tuna a Nijeriya da yadi ake awo, a Nijar da mita, kuma yadi bai kai mita ba, santimita 91 ne da 'yan kai. Idan tela ya ce mita goma, ka sayo yadi goma, to ka zo da gibin kusan mita guda, sai ka sayi sha ɗaya. Araha ba ta ado: yadin da zai koɗe a wanki uku, sau biyu za ka saye shi cikin shekara. Idan mutum huɗu ko biyar na ƙungiya 'ya'yansu makaranta ɗaya suke, su haɗa kuɗi su sayi bandir a raba, ya fi sauƙi nesa da sayen yanka-yanka. A karɓi rasiɗi a riƙe, saboda tambayar duwan da kwastan a hanya.

Tela kuma a kai masa cikin Yuli ko farkon Agusta, lokacin da kekensa yake hutawa, ba satin ƙarshe ba da kowa yake tsaye a kansa. Yadin auduga a jiƙa shi a shanya kafin a yanka, don yana tsukewa. A ce ya bar kalmasa mai faɗi a ƙafar wando da hannun riga, yaro ya ƙara tsawo a warware. Takalmi shi ake bari ƙarshe, a kuma je da yaron ko a auna ƙafarsa da kara, saboda ƙafa ba ta jiran kowa. Rigar sanyi da jaka ba laifi a duba gwanjo tun kafin sanyi ya shigo farashi ya tashi.

Daga ƙarshe, tunda mu matafiya ne, kafin ka hau mota zuwa Kudu ka bar kuɗin ɗinki da na takalmi a hannun uwar yara ko wani amintacce, ka gaya masa abin da aka biya da abin da ya rage. Yaron da ya je makaranta da yagaggen wando, ko aka koro shi don ba shi da kaya, kunya takan sa ya fara fashi, daga fashi sai bari. Mu da muke wahalar neman wanda zai karanta mana takardar duwan ko ta likitan dabbobi, mun fi kowa sanin abin da wannan barin yake jawowa.

Allah Ya yi wa zuriyarmu albarka, Ya sa albarka a kasuwa, Ya kiyaye hanya. Amin.