Gargaɗi ga Masu A-kori-kurar Gas: Kada a Sauke Tobo Kafin a Duba Siririn Bututun Salansa

Wannan kira ne na gaggawa ga duk mai a-kori-kura mai shan gas, musamman manyan nan ƙirar Ford F-250 da F-350 masu injin Power Stroke da ake shigowa da su na hannu daga Amurka, da direbobinsu, da bakanikan da ke taɓa su. Idan motarka ta fara yin nauyi a hanya, ka taka totur ta yi jim sannan ta zabura, ko tana tuttuɗo baƙin hayaƙi, ko shan manta ya ƙaru haka kawai, to kada ka fita doguwar tafiya da ita sai an duba ta. Kada kuma ka yarda a sauke maka tobo ko a canja nozul kafin a leƙa wani ɗan bututun ƙarfe da kaurinsa bai wuce na biro ba.

Bututun yana tasowa ne daga manifol ɗin salansa, inda hayaƙi ke fitowa daga inji, ya kai matsin hayaƙin zuwa wata 'yar sansa mai waya uku: ɗaya ta wuta mai bolt 5, ɗaya ta at, ɗaya kuma mai kai saƙo ga kwamfutar mota. A injin lita 7.3, wanda aka yi daga 1994 zuwa 2003, bututun yana ɓangaren fasinja, sansar kuma tana gaban inji. A injin lita 6.0 na 2003 zuwa 2007, daga ɓangaren direba yake fitowa. Hayaƙin da ke shiga bututun ba shi da mafita. Yana shiga ya huce, kunkunniya ta manne a bango, laima ta haɗu da ita ta daskare, har ramin ya toshe ruf. Daga nan sansar ta daina jin gaskiyar abin da ke faruwa a salansa, kwamfuta kuwa ba ta da wani ido sai ita.

A injin 6.0 abin ya fi muni, domin tobonsa yana da 'yan fukafukai a ciki masu buɗewa da rufewa, kuma da saƙon sansar nan ake sarrafa su, tare da bawul ɗin EGR mai mayar da wani kaso na hayaƙi cikin inji. Saƙo ya karkace, fukafukai su rufe lokacin buɗewa, su buɗe lokacin rufewa. Abin da direba zai ji a ƙafarsa ke nan: mota na fizga, tana ja da baya, wani sa'in ƙarfi ya ɗauke gaba ɗaya. A nan hatsarin yake. Ka ɗauko kaya, ka fito za ka wuce tirela a hanya mai falan ɗaya, ga wata mota can tana tahowa, ka danna totur har ƙasa, inji ya ƙi amsawa. Wanda ya taɓa tuƙi a hanyar Kano zuwa Katsina ko hawan Jos ya san 'yan daƙiƙun nan ba sa jiran kowa.

Shi kuma 7.3 yana da wani murfi a bayan tobo da ke rufe hanyar hayaƙi don inji ya yi saurin ɗumi. An yi shi ne domin sanyin ƙanƙara na can Amurka. Saboda haka idan ka ji injinka yana huci mai ƙarfi a salansa da rana tsaka cikin zafinmu, ga kuma kasala, akwai matsala. Sandar da ke tura murfin da baƙin mai take aiki, kuma idan ta tsufa takan yi yoyo a tsakiyar inji.

Me ya sa bututun ke saurin toshewa a wurinmu? Tun ƙarshen 2010 duk gas ɗin da ake sayarwa motoci a Amurka bai wuce kashi 15 cikin miliyan na farar wuta ba. Nijeriya ta daɗe tana halatta har kashi 3,000, sai a 2020 ƙasashen ECOWAS suka amince da iyakar kashi 50. Ga man bumburutu da ake gauraya wa kananzir. Ga al'adar barin inji a kunne awa da awanni a bakin kasuwa ko wurin aiki don na'urar sanyi. Inji a silo ba ya yin zafin da zai ƙone dattinsa, tara shi kawai yake yi.

Bakanikai, 'yan'uwana, da ku nake yi a nan, kuma ina roƙonku da girmamawa. A fara da kwamfutar bincike. Lambobin P0470, P0471, P0472 da P0473 duk kan sansar nan suke nuni, amma lamba ba ta ce sansa ta mutu ba, cewa ta yi saƙon bai yi daidai ba. Akwai gwajin da bai kai minti biyu ba: a murɗa makulli ba tare da an tayar da inji ba, a dubi awon sansar salansa, da na sansar iskar manifol, da na matsin iskar waje. Dole ukun su yi kusa da juna. A bakin teku wajen 14.7 ne a ma'aunin psi, wanda ake auna iskar taya da shi. A Kano ya ɗan gaza 14, a Jos kuma ƙasa da 13 saboda tudu. Idan awon salansa ya yi nisa da sauran biyun, a binciki sansar da soket ɗinta. Idan sun daidaita, amma aka tayar da inji aka ba shi wuta awon bai motsa ba, bututun ne ya toshe ko ya ɓule.

Wajen gyara, a bar inji ya huce sarai. Notin da ke jikin manifol yakan ci tsatsa, don haka a jiƙa shi da man sassauta noti a ba shi lokaci, a riƙe da sufana biyu. Wanda ya yi gaggawa zai murɗe bututun ya karya, aikin awa ɗaya ya koma na kwana. A zura siririyar waya mai lanƙwasa a cikin bututun, a fesa maganin wanke kafireto, a hura da iska har sai ta fita ɗaya bakin ba tangarɗa. A share ramin da ke jikin manifol ɗin shi ma, don sau da yawa can toshiyar ta fi tauri. Amma ita sansar kanta, kada a kuskura a tsokane ta da waya ko ƙusa. Cikinta fatar awo ce mai rauni, taɓawa ɗaya ta gama aiki. Bututun da tsatsa ta ci, a canja shi, kada a liƙe da walda ko gam.

Kada kuma a zare soket a ce an huta. Kwamfuta za ta koma aiki da ƙiyasi, ƙarfi ya ragu, matsalar na nan tana cin tobo a ɓoye. Sannan a kula da wayar bolt 5 ɗin nan, domin wasu sansoshi na tarayya da ita. Sansar salansa da ta haɗe wuta a ciki tana iya jawo wutar ƙasa, inji ya mutu a tsakiyar titi ya ƙi tashi. An sha zargin famfon mai ko kwamfuta a kan wannan, mai mota ya zubar da kuɗi masu yawa a banza. Sansa marar asali mai arha ma takan ba da awon ƙarya tun daga kwali, don haka a sake gwajin makullin nan bayan an ɗaura sabuwa.

Akwai batun lafiya, wanda ya fi damuna. A 2012 hukumar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya hayaƙin gas a sahun abubuwan da aka tabbatar suna haddasa cutar daji ta huhu. Yaran gareji ne ake ba aikin hure bututun nan, kuma na ga mai sa baki yana hurawa. Iyayen gida, ku hana. A sa takunkumi da tabarau, a juya bakin bututun nesa da fuska, kada a tayar da inji a rufaffen shago. Direban da ke jin warin hayaƙi a cikin mota tare da ciwon kai ko jiri, ya sauke gilashi ya tsaya nan take, don ɓulallen bututu a ƙarƙashin bonet yana iya tura hayaƙi cikin ɗakin direba.

Masu sababbin Hilux da Ranger da aka ƙera don kasuwar Turai, kada ku ce wannan na masu Ford ɗin Amurka ne kaɗai. Naku suna da matatar kunkunniya a salansa, da sansa mai bin matsinta ta 'yan bututu irin waɗannan. Lokacin da matatar ke ƙone dattinta zafin yakan kai digiri 600, saboda haka kada a yi fakin a kan busasshiyar ciyawa ko karan gona, musamman da kaka da lokacin hunturu. Idan fitilar matatar ta kama, ko bincike ya nuna P2452, P2453 ko P2463, a kai motar gareji a ranar, kuma a fara da duba bututun.